Ranar da Alfadari Ya Ruga da Jikarsa

Purvis yana durƙushe a cikin shukar tumatirinsa lokacin da ƙofar gidan maƙwabcinsa ta bugi bango. Ya ɗago kai ya ga Delmar ya diro daga baranda ba takalmi, daga shi sai gajeren wando da singileti, ya ƙanƙame wani abu a ƙirji da hannun hagu. Abin yana naɗe cikin farin bargo, kuma bargon yana tsala kuka.

Earline, matar Delmar, ta fito a bayansa, hannuwanta duk garin masara.

"Ya ɗauki Nyla," ta ce. "Kifi kawai na shiga juyawa, Purvis. Wasan ƙwallo ake nunawa a talabijin, na manta ban kashe ba."

Nyla jikarsu ce, ko zama ba ta fara ba. Uwarta Renita tana wurin aiki a babban kanti.

"Bari in kira 'yan sanda," in ji Purvis.

"Kada ka kira kowa." Ta riƙe masa hannun riga. "Baƙin mutum ƙato yana gudu da jaririya, ka san da harbi za su fara. Kuma in Renita ta ji, gidan tsofaffi za ta kai shi. Ta sha faɗa. Ka dawo mini da su kawai."

Purvis ya faɗa cikin tsohuwar akori-kurarsa. Titin nasu miƙe yake, ya wuce shagon aski, ya wuce coci, ya ƙare a babbar hanya inda manyan motocin auduga suke wucewa ba sa taka birki don kowa. Can Delmar ya nufa.

Mutumin da da safe sai an riƙe shi yake sauka daga gado, shi ne yake gudu haka. Gwiwoyin nan da likitoci suka yanka har sun gaji suna ɗagawa sama, kai a sunkuye, hannun dama a miƙe yana ture iska. Purvis ya san gudun nan tun suna yara. Da shi Delmar ya bar garin nan na Mississippi ya je ya buga wa manyan ƙungiyoyi ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a gudu da ita, aikinsa ɗaya: a danƙa masa ƙwallo a ciki, ya ratsa da ita ta tsakiyar ƙattai har ya tsallake layi. Alfadari ake ce masa, don ko mutum uku sun rataya a wuyansa sai ya ja su. Ranar Lahadi, daga coci sai shagon aski, unguwa kaf a gaban talabijin ɗaya, in ya ɗauki ƙwallo har mai aski yakan bar kan mutum rabi. Da bazara kuma yakan dawo gida ya tara yaran titin, ya bar su su kayar da shi a kan ciyawa, yana birgima yana cewa sun karya shi. Dukan da ya sha a ka a shekarun nan bai nuna ba sai da ya tsufa. Ya fara da manta inda ya ajiye makulli. Bara ya tambayi Purvis ko shi ne mai kawo wasiƙa.

A gaban shagon aski mutane sun fito. Dontrell, wanda ya gaji shagon daga ubansa, ya cire rigar aiki ya tare hanya.

"Baba Delmar, tsaya mana. Ni ne fa."

Delmar ko kallonsa bai yi ba. Ya sa tafin hannu a goshin saurayin ya ture, Dontrell ya zauna daɓas a kan kwalta.

"Ka sha hannun Alfadari," wani ya ce, amma ba wanda ya yi dariya.

Dontrell ya miƙe ya biyo motar a guje. "Kawu Purvis, bari in kama ƙafarsa ta baya."

"Ka kayar da shi a kan kwalta da yarinya a ƙirji? Kowa ya matsa. Duk wanda ya taɓa shi ƙara matse ta zai yi."

Abin da ya fi tsorata Purvis ke nan. An koya wa Delmar tun yana ƙarami cewa in aka kawo maka hannu, ka ƙara danna ƙwallo a haƙarƙari. Ya manta sunan matarsa, amma hannun nan bai manta ba. Kukan Nyla ya fara shaƙewa.

Purvis ya wuce shi ta gefe, ya tsayar da mota a bakin cocin, ya fito. A bayansa wata babbar mota ta wuce har ƙasa ta girgiza. Ya duba hannuwansa: ƙasar tumatir ce kawai a jiki. Ba shi da ƙarfin tare mutumin nan, kuma ko yana da shi ba zai yi amfani ba. Delmar yana tahowa, ƙafafunsa suna barin jini a hanya.

A nan wani abu ya faɗo masa. Sauran 'yan wasa in sun tsallake layi sukan maka ƙwallo da ƙasa su yi rawa. Delmar bai taɓa yi ba. Uwarsa ta ce masa kayan mutane a hannu ake mayar musu, don haka kullum sai ya nemi alƙalin wasa ya miƙa masa ita kamar mai ba da saƙo. A shagon aski har tsokanarsa ake yi da wannan.

Purvis ya tsaya a bayan farin layin da aka ja a wurin ajiye motocin coci. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito mai tsawo. Da ƙafar Delmar ta haura layin, sai ya ɗaga hannuwansa biyu sama, miƙe, yadda alƙalai suke yi in an ci.

Delmar ya ƙara taku biyu ko uku. Ya rage gudu. Ya juyo yana haki, ya dubi hannuwan nan da ke sama.

"Na shiga?"

"Ka shiga."

"Da idonka ka gani, alƙali? Kada a zo a ce gwiwata ta taɓa ƙasa."

"Ba ta taɓa ba. Kawo ƙwallon."

Ya miƙo ta da hannu biyu, a hankali. Purvis ya karɓa. Fuskar yarinyar ta yi jawur, ta ja iska, ta saki kuka mai ƙarfi, shi kuma ya zauna a kan matakalar coci. Delmar ya zauna kusa da shi yana murmushin da aka daɗe ba a gani ba.

"Wancan yaron da ya tare ni," ya ce, "a gaya wa kocinsu ya riƙa ba shi abinci."

Kafin la'asar Renita ta dawo. Ba wanda ya kira ta, amma ta ga shatin yatsu a haƙarƙarin 'yarta, ta ga ƙafafun ubanta a cikin roba ana wanke su. Earline ta ce ɗan zagayawa ya yi da ita a tsakar gida, ya taka kwalba. Renita ta tsallako shinge ta sami Purvis a barandarsa, uwar tana biye da ita.

"Kawu Purvis, kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Ina ya kai ta?"

Earline tana tsaye a bayan 'yarta, tana girgiza masa kai kaɗan kaɗan. Ya san abin da take roƙo. Tun suna makaranta take tare da mutumin nan, ita take yi masa aski, ita kaɗai yake yarda ta ba shi magani. Ya kuma san cewa dabarar da ta yi aiki yau sa'a ce, gobe abin yana iya faruwa shi yana kasuwa ko asibiti. Ya nemi wata magana da za ta tsaya a tsakanin biyun, bai samu ba.

"Har bakin babbar hanya," ya ce.

Earline ta juya ta koma gida.

A makon aka kai Delmar wani gidan tsofaffi a garin da ke gaba. Wuri ne mai tsabta, ƙofofinsa a kulle. Bayan mako biyu Purvis ya je duba shi ranar Asabar, ya same shi a kan kujera yana fuskantar bango, abincin rana yana gefe ba a taɓa ba. Ya rame har singiletin yana yi masa yawa.

"Alƙali," Delmar ya ce. "Sun ajiye ni a benci."

"Hutu ne. Ci abincinka, tsoho, ga wake ga burodin masara."

"Me na yi? Ban saki ƙwallo ba. Kai shaida ne."

"Ba ka saki ba."

"To ka gaya musu mana."

Purvis ya ɗebi wake a cokali ya kai masa baki. Delmar ya kawar da kai. A hanyar dawowa Purvis ya tsayar da mota a gefen gonar auduga, ya daɗe riƙe da sitiyari. Da za a sake tambayarsa, abin da ya faɗa zai sake faɗa. Sanin haka bai rage masa komai ba.

Ba a cika wata ba Delmar ya rasu, da hantsi, ba kowa nasa a ɗakin. Earline tana cikin bas a hanyar zuwa. Cocin ya cika ranar jana'iza, tsofaffin abokan wasansa suka zo da sanduna da kekunan guragu, wani ya ba da labarin yadda Alfadari ya taɓa jan shi a ƙasa kamar buhu, aka yi dariya ana share hawaye. A wurin cin abinci Earline ta zuba wa kowa da hannunta. Da layi ya zo kan Purvis ta miƙa wa wata mata cokalin, ta shiga ciki.

Ruwa ya yi ta sauka bayan haka, ciyawar gidansu ta kai ƙauri. Wata safiya Purvis ya turo injinsa na yankan ciyawa ta ƙofar shinge bai yi sallama ba, ya fara yanka daga bakin titi. Earline tana zaune a matakalar baranda da kofin gahawa, idonta a wani wuri. Ya yi ta kai da komo, yana matsowa layi bayan layi, har ya rage sai ciyawar da ke ƙarƙashin ƙafafunta. Ya tsaya, injin yana ruri.

Ba ta dube shi ba. Ta ɗage ƙafafunta zuwa matakala ta sama, ya wuce.