Lahadin Girkin Fuatino

Tun yana kan mumbari Fasto Uelese yake jiyo ƙamshin ganyen gwaza da madarar kwakwa daga tandar duwatsu, kuma maimakon yawunsa ya tsinke, gabansa ne ya faɗi. Wata uku ke nan ƙwannafi ya sa shi gaba. Da ya ci abinci sai ciki ya kumbura, gyatsa mai tsami ta taso, wuta ta bi ƙirji har maƙogwaro. Ranar Alhamis da ya je asibiti a Apia, babban birnin ƙasar, nas ɗin da ta duba shi ba ta ɓoye masa komai ba.

"Fasto, tsamin ciki ne ke ƙona maka maƙogwaro. Ka rage loma, ka bar kitse da madarar kwakwa. In ka ci kada ka kwanta sai bayan awa uku, ka ɗan taka ƙafa. In ba haka ba, muryar nan da kake wa'azi da ita za ta tafi ta bar ka."

Faɗa da baki ai da sauƙi. A ƙauyensu kowace Lahadi akwai gidan da ke kai wa fasto abincin rana, bi da bi, kuma masu girkin sukan zauna gefen tabarma suna kallon kowace loma. Yau kuwa layi ya zo kan Fuatino, tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna ƙasar waje, a birnin Auckland. Bara da ta yi girki, matan ƙauye sun kwashe wata guda suna cewa abincinta bai ƙosar da kyanwa ba.

Matarsa Sinalei ta tare shi a bayan coci. "Ka dai ji abin da nas ta ce. Ka faɗa wa tsohuwar nan gaskiya tun kafin a shimfiɗa tabarma."

"In ce mata me? A kanta zan fara ƙin abinci? Gobe a ce fasto ya raina girkin marar gata."

"To ci, sarkin kunya. In ciki ya murɗa, ba da ni za ka yi ba."

Aka jera abinci a kan ganyen ayaba: gwaza, ƙunshin ganye yana naso da madarar kwakwa, haƙarƙarin rago da kitse ya lulluɓe, ga kaji gasassu har biyu. Fuatino ta zauna da maficinta tana korar ƙuda. Gidan fasto kuwa ba bango gare shi ba, ginshiƙai ne da rufi kamar sauran, don haka matan da ke wucewa duk sai tafiyarsu ta yi sanyi.

Uelese ya yi addu'a, ya yi niyyar loma biyar. Da ya kai ta biyar sai ya ɗaga ido ya ga tsohuwar ta daina fifita, tana duban hannunsa. Tausayi ya kama shi, ya jawo haƙarƙarin.

"Iya, wannan girki ai sai a gidan sarki."

"Ci, ɗana, ci. Ƙara wannan cinyar."

Ya ƙara. Ya siɗe ƙunshin ganye uku, ya bi da shayin koko mai zafi, Sinalei tana harararsa ta ƙasan ido. Fuatino ta tattara kwandunanta ta fita tana tafiya a miƙe, har da gaida matan bakin hanya da babbar murya.

Daga nan ƙauye ya yi tsit, kowa ya miƙe a tabarma don barcin Lahadi. Uelese ya gwada zama, ciki ya tokare shi. Ya jingina da ginshiƙi, tsami ya taso. Ya miƙe zai taka ƙafa, sai ya tuna dokar dattawa: ba yawo a ƙauye da ranar Lahadi sai an kaɗa ƙararrawar yamma. Shi da bakinsa ya yi wa'azi a kanta sau ba adadi. Sai ya shiga zagaye cikin gidan daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ya kwance ɗamarar zanensa, ya sake ɗaurawa. Ya sha ruwa, ya yi nadamar sha. Wani yaro daga gidan maƙwabta ya ɗago kai yana kallonsa, dole ya zube a tabarma ya rufe ido, ya yi abin da nas ta fi hana shi.

"Ka kwanta?" in ji Sinalei.

"Rabu da ni, ana kallona."

Da aka kaɗa ƙararrawa ya tashi da maƙogwaro kamar an goga barkono. Ya hau mumbari don ibadar yamma, coci cike, ya buɗe baki zai karanta aya. Iska ce kawai ta fito. Ya yi gyaran murya, tari ya sarƙe shi har da hawaye. Nan take gunaguni ya tashi daga layin mata, ya ga kawuna suna juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa kujerar baya inda Fuatino ke zaune. Wata ma ba ta iya raɗa ba: "Me ta sa masa a abincin?"

An gudu ba a tsira ba. Abin da ya cusa wa cikinsa wahala don ya kare ta daga gare shi, ga shi ya jawo mata ninkinsa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya yafito Sinalei, ya yi mata raɗa, ita kuma ta juya ta faɗa wa jama'a da muryarta mai kaifi: ciwon ya yi wata uku, asibiti sun hana shi kitse da cika ciki, shi ya ɓoye, ba laifin girkin kowa ba ne.

Fuatino ta dafa kujera ta miƙe, ta tako a hankali har gaban mumbari. Uelese ya sauko ya sunkuyar da kai, yana jiran ta yi kuka.

"Tun yaushe suka hana ka?"

Ya nuna yatsu uku, kwana uku ke nan.

"Kwana uku kana da baki, ba ka aiko ba." Ta girgiza kai. "Dafaffen kifi da ɗanyar ayaba, wa ya fi ni iyawa a garin nan? Ɗana, kajin nan biyu da ka ci, su kaɗai suka rage mini masu yin ƙwai."