Ledar da Ta Ƙi Ruɓewa a Turawa

Zaharaddini yana rainon itatuwa a bayan gidansu a ƙauyen Turawa na ƙasar Karaye: mangwaro mai aure, gwaiba, kashu, duk jere cikin baƙar leda. Shekararsa goma sha ɗaya a sana'ar. Ba abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya kamar ranar dashe, don sai an tsaga kowace leda da reza an zare ta a hankali kafin a sa itacen a rami.

Ana gab da faɗuwar damina wani ɗan kasuwa mai suna Kamilu ya zo kasuwar Karaye da sabuwar leda. Launinta ruwan ƙasa, kuma kowace an manna mata 'yar takarda mai hoton koren ganye da hatimi. Kamilu ya ce da rogo aka yi ta. Wani mutumin Rogo da ke tsaye a wurin ya ce su dai ba a sanar da su ba. Kamilu ya ce rogon ci yake nufi, ya ci gaba da bayani: a dasa itace da ledar yadda take, cikin kwana casa'in ƙasa za ta cinye ta. Zaharaddini ya sayi kwali guda.

Ya kai wa kawunsa Malam Liti, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Malam Liti ya juya ledar, ya shinshina, ya tambayi wanda ya gwada ta. Zaharaddini ya nuna masa hatimin. Malam Liti ya ce hatimi kam ya gani, mutumin da ya gwada yake tambaya. Ya zari guda uku, ya binne ɗaya a juji, ɗaya a gona, ɗaya a fadama, kowace tare da baƙar leda da ƙyallen buhun algarara. Ya kafa turke a kan kowane rami, ya rubuta kwanan wata.

Zaharaddini bai jira ba. Hajiya Munawwara, tsohuwar malamar makaranta a Beli ta ƙasar Rogo, ta sa ya raina mata mangwaro ɗari da hamsin. Ya mai da su cikin sabuwar leda, ya je ya dasa mata su da ledarsu. Aikin kwana biyu ya ƙare kafin azahar. Da ta tambaya, ya maimaita mata maganar Kamilu kamar shi ya gano ta.

Kwana casa'in suka cika. Malam Liti ya ƙara goma, don kada a ce ya yi wa ledar gaggawa. Sannan ya kira Zaharaddini da Kamilu, aka tona. Algarara ta tafi, sai 'yan zarurruka. Baƙar leda tana nan, dama ba a yi zaton wani abu daga gare ta ba. Sabuwar leda kuwa, Malam Liti ya wanke ta jujin, ya cika ta da ruwa, ya ɗaga sama. Sai ta 'yan ramukan da kamfani ya huda mata ruwan ya fita. Takardar mai koren ganye ce kaɗai ba a gani ba a duk ramukan uku.

"To, an sami abin da ya ruɓe," in ji Malam Liti. "Takardar ta cika alkawari."

Kamilu ba macuci ba ne, shi ma abin da aka gaya masa ya faɗa. Nan take ya buga waya ga dilan da ya ba shi ledar, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Dilan ya ce ledar ta gaske ce, tana ruɓewa, amma a masana'antar haɗa taki, inda ake riƙe zafi mai yawa na makonni, kuma an rubuta haka da ƙananan baƙaƙe a gindin kwali. Malam Liti ya gaishe shi da kyau, ya tambayi inda masana'antar da ta fi kusa da Turawa take. Dilan ya ce zai bincika.

Kamilu ya zauna a kan turmi, ya tambayi yadda zai yi da sauran kwalaye. Malam Liti ya ce ya sayar, leda ce mai ƙwari, sun shaida. Sai dai ya rubuta a jikin kowane ƙunshi: ba ta ruɓewa a ƙasar Karaye, a cire kafin dashe. Kamilu ya ce Rogo fa? Malam Liti ya ce bai gwada a Rogo ba, ba zai faɗi abin da bai gani ba.

"Kawu, ni na gwada a Rogo," in ji Zaharaddini, kansa a ƙasa. "Wuri ɗari da hamsin."

Washegari su uku suka tafi Beli. Hajiya Munawwara ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo fura, ta tambayi gida da damina da iyalin kowa ɗaya bayan ɗaya. Sai da suka sha sannan ta shiga ɗaki ta fito da dashen mangwaro guda a faranti. Ta ce tun da ta ga ganye na yin rawaya ta sa fartanya ta tono shi. Saiwar ta nannaɗe cikin ledar kamar gammo. Zaharaddini ya fara ba da haƙuri, ta dakatar da shi.

"Ɗana, da safiya ɗaya ka binne su. Fitar da su kwana nawa ne?"

Kwana huɗu ya ɗauka. Zaharaddini yana tono gefe, Kamilu yana zare ledar a hankali, wadda ta ƙi fita ya tsaga ta, Malam Liti yana ƙarƙashin inuwa yana duba saiwa. Waɗanda suka riga suka bushe, Zaharaddini ya maye su da wasu daga wurinsa, cikin baƙar leda, ya cire ta a gaban Hajiya.

Ledojin da aka zaro ba su yage ba ta hana a zubar. Ta wanke su, ta shanya, ta fara rainon zogale a ciki. Bana damina ta uku ke nan tana amfani da su.