Wanda ke Cikin Dogon Ƙarfe

Kada wanda ya sake ya kunna mini wannan katun ɗin a gidana. Na faɗa wa 'yata Zakiya, na faɗa wa 'ya'yan maƙwabta, ga shi ina faɗa muku. Ko sunansa na rantse ba zai ƙara fita daga bakina ba. Dogon Ƙarfe, yadda Inna take kiransa, ya ishe shi.

Kuma wallahi a da babu wanda ya kai ni son sa. A Ammariyya, wata unguwa a Jidda, aka haife ni, ina 'yar shekara tara aka fara nuna shi a talabijin. Na Japan ne, an juya shi da Larabci. Da an idar da la'asar sai unguwa ta yi tsit. Mu ba mu da talabijin, gidan wata 'yar ƙasar Yaman muke ɗunguma mu zube a ƙasa, tana ta masifa kada a taka mata darduma. Wani ƙaton mutum-mutumi ne na ƙarfe mai ƙaho, ya fi bene tsawo, wani saurayi yana shiga cikinsa ya tuƙa shi, ya yaƙi mugayen da ke saukowa daga sama. Na haddace tafiyarsa, na haddace yadda yake ɗaga hannu kafin ya kai duka. Inna ta ce da haka na riƙe allona da tuni na yi sauka.

To wannan haddar ce ta ci ni.

Mijina Musbahu mutumin Gusau ne. Umara ya zo, ya zauna, kamar dubunsa. Ni ina da iƙama, wato takardar izinin zama, ta wajen mahaifina, shi kuwa ko takardar tsire ba shi da ita. Dako yake yi a kasuwar Balad, yau a samu gobe a rasa. Ni kuma ina sayar da gyaɗa a ƙofar wani filin wasan yara a Abhur, bakin teku, irin mai lilo da jirgin ƙasa ɗan ƙarami. Wata rana na ji mai wurin, Ustaz Abdulghani, yana cewa an ƙera masa rigar Dogon Ƙarfe, yana neman dogon mutum da zai riƙa sa ta yana yawo cikin yara. Ni da bakina, ba wanda ya tambaye ni, na ce, "Ustaz, mijina dogo ne."

Musbahu bai taɓa ganin katun ɗin ba. Kaset na aro, na zaunar da shi ya kalla. Ya ce, "Haba Mastura, da gemuna? In mutanen garinmu suka ji fa?" Na ce wa zai gan ka, ai fuskarka a rufe take. A kan rufin gida na koya masa tafiyar, yana yi ina gyara masa, Inna tana dariya har da hawaye. Ya iya kuwa. Ya iya har in ya ɗaga hannun nan manyan maza ke yin ihu, ba yara kaɗai ba.

Bari in gaya muku yadda rigar take, don ku san abin da nake yi wa fushi. Da robar nan mai tauri ta jikin kwale-kwale aka yi ta, an lafta mata soso daga ciki. Gwiwa da ƙyar take lanƙwasawa. Hannuwa dunƙule suke, mutum ko susa ba zai iya ba. Kan kuma da sakata biyu ake kulle shi ta baya, don kada yara su cire, saboda haka wanda ke ciki ba ya iya buɗe kansa da kansa. Usuman mai share filin, mutumin Maraɗi, shi ke buɗe masa. Ƙa'idar ita ce rabin awa a ciki, sai a fito a sha ruwa a huta. Kowa ya san wannan, har Abdulghani, don shi ya kafa ta.

Shekara shida Musbahu ya yi a cikin abin nan. Shekara shida Abdulghani yana ce masa zai zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a hukuma, ya yi masa iƙama. "Bukra, in sha Allah." Gobe, gobe, goben da ba ta taɓa wayewa ba. Hoton mijina yana bangon gidaje ɗari a Jidda, amma babu gida ɗaya da ya san fuskarsa.

Ranar wata Alhamis ce a watan Agusta, bayan la'asar. Kun san zafin Abhur, wanda iskar teku ke manne wa mutum a jiki kamar jiƙaƙƙen bargo. Musbahu ya kusa cika rabin awarsa, har ya doshi bayan ɗakin askirim inda yake hutawa, sai ga motoci biyu na masu duba takardu. Kafin ka ce me, ma'aikata sun tarwatse. Ina kallo Usuman ya jefar da tsintsiya ya haura katanga. Ban ga laifinsa ba, shi ma ba shi da komai.

Musbahu ina zai gudu da wannan kaya? Abdulghani ya sheƙo, ya ja shi ya jingina shi da ginshiƙin ƙofa, cikin rana, taku goma daga inda nake zaune. Da kunnena na ji ya ce, "Kada ka motsa. Daga yanzu kai gunki ne. Ka motsa, halas, tarhil." Tarhil shi ne inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Shugaban jami'an ya fito daga mota. Sa'ana ne, mai natsuwa, an rubuta Othman a ƙirjinsa. Yana ɗaga kai ya ga Dogon Ƙarfe, sai ya tsaya cak ya cire tabarau.

"Ya salam!" in ji shi. "Akwai mutum a ciki?"

"Ina!" in ji Abdulghani. "Gunki ne kawai, ya sidi. Daga Japan na yi odarsa."

Japan ɗin gidanku! A garejin masu gyaran jikin mota aka yi shi, ni na san wurin.

Da a ce jami'in nan mugu ne mai sauri, da ya shiga ya fita an gama. Amma ashe shi ma irina ne, ɗan bayan la'asar. Ya tura yaransa ofis su duba takardu, shi kuma ya tsaya yana zagaya mijina yana murmushi. Ya ce ƙahon ya ɗan yi gajarta. Ya ce a gidansu saboda katun ɗin nan aka sayi talabijin mai kala. Abdulghani, munafukin Allah, ya sa aka kawo kujeru biyu da shayi aka ajiye a inuwa, suna fuskantar Musbahu. Suka zauna suna gardamar a kashi na nawa ne aka karya masa hannu. Na san amsar. Na sani sarai, ina zaune ina jin kamar in yi kururuwa.

Ni ba fuskar nake kallo ba, ƙafafun nake kallo. Gumi yana fita ta ƙasan takalman, ɗis, ɗis, har ya yi ɗan tafki a kan siminti. Kullum haka yake yi, har tsokanarsa nake cewa ya yi fitsarin kwance. Na duba agogo, minti hamsin. Na sake dubawa, awa ɗaya da minti goma.

Na tashi na lallaɓa wajen Abdulghani lokacin da ya je ƙaro shayi. Na ce, "Ustaz, don girman Allah, ya haura awa."

Ya ce ta gefen baki, "Koma wajen gyaɗarki. Kika yi magana, ke kika kore shi, ba ni ba."

Na wuce ta gaban ginshiƙin, na zubar da gyaɗa da gangan, na durƙusa ina tsincewa. Na ce da Hausa, "Baban Zakiya, kana ji na?"

Murya ta fito can ciki, kamar daga rijiya. "Tafi. Sun kusa tafiya."

Na koma na zauna. Allah ya yafe mini, na koma na zauna! Ina tunanin Zakiya da ke da shekara huɗu, ina tunanin Inna da rabin jikinta ya shanye, wadda Musbahu ke ɗaukarta ya sauko da ita daga bene duk ranar asibiti. In aka tafi da shi, ba ya dawowa. Ni kuma ba zan bar Inna ba, Najeriya ma ko a mafarki ban san ta ba. Na ce a raina, ka daure, ka ƙara daurewa kaɗan.

Sai jami'in ya ce a kira masa mai hoto. Mai hoto ya gudu tare da su Usuman, sai aka tafi nemo kyamara a ofis. Aka ci wani kwatan awa.

Da na sake duban ƙafafun, ɗigon ya tsaya. Tafkin ya fara bushewa daga gefe. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san in gumi ya ƙafe wa mutum a cikin rana, to abin ya wuce wasa. Na sake zuwa, wannan karon ko zubar da gyaɗar ban yi ba. "Baban Zakiya!" Shiru. "Musbahu!" Ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba sai ranar. Ba amsa, sai wani gurnani kamar na ragon da aka yanka. Ashe ya daɗe da suma, taurin rigar da ginshiƙin ne suka riƙe shi a tsaye.

Jami'in ya miƙe ya zo ya tsaya gefen Musbahu, ya dafa kafaɗarsa, yana gyara hula don hoto. Ni kuma na sungumi kujerar da ya tashi daga kai, na dire ta bayan Musbahu, na tattare abayata na hau. Abdulghani yana ihu, "Mahaukaciya ce! Ku riƙe ta!" Sakatar farko ta buɗe. Ta biyun ta yi zafi har ta ɗaye mini fatar yatsa, na sa haƙori na cije leɓe na fizge ta. Kan ya faɗo, ya gangara, ya tsaya a gaban takalmin jami'in.

Fuskar mijina ta kumbura, ta yi toka-toka, idanu sun juye, harshe a waje. Wani zafi ya taso daga wuyan rigar ya bugi fuskata kamar an buɗe tanda.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, jami'in nan bai tsaya tambayar takarda ba. Ya daka tsawa, "Ruwa! Ƙanƙara! Yalla!" Da hannunsa ya ɓalle ƙirjin rigar, shi da yaransa suka zaro Musbahu, suka juye masa ƙanƙarar askirim, suka sa shi a motarsu. Ya juyo ya dubi Abdulghani ya ce, "Ka zaunar da ni ina shan shayi mutum yana dahuwa a gabana?" Ni ban jira amsa ba. Farantin gyaɗata na ɗauka na kifa wa Abdulghani a fuska, na zage shi da Larabci, da ya ƙare na ɗora da Hausa. Har yau baƙin cikina ɗaya, farantin ba shi da nauyi.

A hanyar asibiti jami'in ya ce mini, a hankali, "Ya ukhti, tun ina yaro burina in zama wanda ke cikinsa." Na ce, "To ga shi nan kwance, ka gan shi."

Kwana tara Musbahu ya yi a asibiti. Likita ya ce da an ƙara minti biyar, gawa za a ciro. Daga asibiti sai tarhil, daga tarhil sai jirgi. Doka ce, ba wanda ya isa ya hana. An rufe filin mako biyu, aka buɗe. Ranar da na je ɗaukar tabarmata na ga Dogon Ƙarfe yana yawo cikin yara, an sa wani bawan Allah a ciki. Ko tafiyar bai iya ba, kuma babu yaro ɗaya da ya lura.

Yau shekara goma sha ɗaya. Inna tana nan da ranta, ni ke goya ta in sauko da ita. Musbahu yana Gusau yana sayar da katin waya. Duk Juma'a yana kira, ya gaisa da Zakiya, ya tambayi Inna, sannan ya dawo kan maganarsa ta kullum. Bai yarda da likita ba. Shi dai ya ji jami'in yana cewa daga hoton sai tafiya, kafin duhu ya rufe masa ido.

Juma'ar da ta wuce ma ya ce, "Mastura, minti goma. Da kin bar ni minti goma, da yanzu ina gida."

Shekara goma sha ɗaya ina haɗiyewa. Wannan karon na ce, "Baban Zakiya, ka yi ta faɗa. Ka faɗa Juma'ar nan, ka faɗa ta sama, zan ɗauki wayar. Da na ba ka minti goman nan da kana Jidda, haka ne. Amma a garin nan mace ba ta shiga maƙabarta. Ko inda aka sa ka ba zan sani ba."

Ina jin numfashinsa a wayar, yana shiga yana fita, ban kashe ba har katinsa ya ƙare.