Hular Libarba

Rhonda Tvedt ta faka motar 'yan makarantar da take tuƙawa a ƙofar shagon Lyle, ta sauko riƙe da safa guda mai nauyi. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta zazzage abin da ke ciki a kan teburinsa. Dunƙulen ƙarfen nan ne da ke toshe bayan bututun bindiga, wanda muke kira marufi.

"Duba min wannan. In da hali ka yi min ƙarya."

Lyle maƙerin bindiga ne, ɗan maƙerin bindiga, kuma bai iya sauri ba ko gobara ake yi. Ya goge tabarau, ya kai ƙarfen bakin taga. A fuskarsa, kewaye da 'yar kafar da allura ke fitowa ta daki gindin harsashi, wani zobe ya lotsa.

"Na bindigar Delmar ne wannan."

"Na sani, Lyle. Ni na ciro shi."

Duk mai harbi a wannan yanki na Montana ya san bindigar Delmar Haugen. Ta kakansa ce, mai cin harsashi ɗaya, mai aman hayaƙin albarushi. Shekarar da mijin Rhonda ya rasu, ta zama daga aiki sai ɗaki, labule a sake, ba ta ɗaga wayar kowa. Delmar ne, maƙwabcinta, ya dinga buga mata ƙofa har ta gaji ta buɗe, ya ce yana neman mai duba masa inda harsashi ya sauka, idonsa ya soma ha'intarsa. Ƙarya yake, idonsa ras a lokacin. Ya koya mata narka darma da auna albarushi da dasa hula, wato 'yar ƙwayar da ke gindin kwanso, wadda ke ta da wutar. Da hannunsa ya soma rawa sai ya ba ta aron bindigar. Rhonda ba ta ɓoye wa kowa cewa tsohon nan ne ya fito da ita daga rami.

Abu ɗaya ya hana ta: sa wa bindigar hular libarba, wadda aka yi don ƙaramar bindigar hannu. Ba ita kaɗai ba, duk ƙungiyarmu ta maharba ya hana. Ka ambaci hular libarba a gabansa, ka shirya shan huɗuba har kofinka ya huce.

"Kin sa, ko?" in ji Lyle.

"Tun bazara. Gwadawa kawai na yi, sai na ga harsasan suna sauka wuri guda. Na kasa bari."

"Haka take, ba ta dukan albarushi da ƙarfi. Amma ta fi ta babbar bindiga gajarta da ɗan kaɗan. In wuta ta tashi sai ta sami filin ja da baya, ta ƙwala wa marufi. Ƙarfen mutanen da kuwa taushi gare shi. Yau ƙwal, gobe ƙwal, ga zobenki nan."

"Zai gyaru?"

"Sai in huda wurin in cusa sabon ƙarfe."

"Yau?"

Lyle ya yi dariya har da tari. "Ke da wa?"

Ta gaya masa abin da ya kawo ta. 'Yar Delmar ta bugo da safe daga asibitin da yake kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ta ce Baba na nemanta, wai maganar bindiga ce. Rhonda ta san ma'anar wannan, lokacin mayar da aro ya yi. Garin goge bindigar ne ta ga ɓarnar.

"Ba zan taɓa shi ba sai mai shi ya gani," in ji Lyle, yana mayar da ƙarfen cikin safa. Akwai wani abu a gefen bakinsa da bai yi mata daɗi ba. "Je ki. Ai ba ya iya jifa da hannun dama yanzu."

"Allah ya shirye ka, Lyle."

A hanya ba faɗan Delmar take tsoro ba, ta saba da faɗansa. Abin da take tsoro shi ne ya yi shiru, ya dube ta yadda yake duban wanda ya ci amana. Ta tsaya ta saya masa burodin ayaba, sannan ta ji kunyar kanta, don ita ma ta san toshiyar baki ce.

Ta same shi an jingine shi da matasai, ya rame, gemu ya fito fari fat. Maganarsa ta yi nauyi, amma bakin yana nan yadda ta san shi.

"Yarinya. Kin taka 'ya'yan mutane nawa yau?"

"Ban samu ba, sun iya gudu."

Ta ajiye burodin. Ta san in ta zauna ba za ta iya ba, don haka a tsaye ta ciro marufin ta sa masa a hannun hagu.

"Na ɓata maka, Delmar. Ka hana ni, na yi."

Bai duba ba. Ya bi fuskar ƙarfen da babban yatsa, ya zagaya zoben, ya sake zagayawa. Shirun da take gudu ya zo. Ta ji ana tura keken abinci a waje.

"Libarba," ya ce.

"Libarba."

"Wa ya ce ki gwada?"

"Ba kowa."

"Yaya suke sauka?"

Ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa faɗinsa. Girarsa mai motsi ta ɗaga.

"Daga layin nesa?"

"Daga layin nesa."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, har ta yunƙura za ta kira nas kafin ta gane dariya ce.

"Kai shi haske. Bar kallon zobenki. Dubi kewayensa."

Ta kai bakin taga, ta karkata shi. Can wajen zobenta akwai wata da'ira siririya kamar gashi, wadda ba za ka gani ba sai an ce ka duba.

"Cushe ne," in ji Delmar. "Uban Lyle ya sa min na farko. Lyle ya sa na biyu."

Rhonda ta juyo a hankali. "Kai ma kana sawa? Kai da ka kusa korar Merle daga ƙungiya a kan hular nan?"

"To in kowa ya sa, wa zan ci?"

"Tsohon banza! Tun safe cikina ke ciwo!"

"Na yi rabin rayuwata kafin in gano. Ke kin gano ke kaɗai." Ya huta, ya haɗiye yawu da ƙyar. "Kada Merle ya ji. Ko a jana'izata."

Ta zauna a bakin gadon. Dariya take, hawaye na zuba, ba ta damu da gogewa ba. Godiyar da ta cika mata ciki ta fi ƙarfin bakinta, kuma ta san ko ta faɗa zai ce ta cika surutu.

"Zan sa Lyle ya gyara, in kawo wa 'yarka bindigar kafin a sallame ka."

"Ta yi me da ita? Ta rataye a bango?" Ya miƙo hannun hagu, ya tura marufin cikin tafinta, ya danne yatsunta a kansa ɗaya bayan ɗaya. "Taki ce. Abin da ya sa na kira ki ke nan. Ki ce wa Lyle wannan karon ya sa ƙarfe mai tauri. Da sauran duka a gabansa."