Kalma Ta Uku

Gashin barewa ne ya maƙale a wayar shingen, ja da fari, jini ya bushe a jikin ƙaya biyu. Mai gadin gandun dajin ya nuna wurin da bakin bindigarsa, sannan ya nuna karen da ke kwance a ƙasa yana haki, harshe a waje, ko kunyar ido babu.

"Sau biyu ke nan, Mama," in ji shi. "Na uku ba a hannuna yake ba. Doka harbi ta ce."

Matar da yake wa magana tela ce, kuma Tela kowa ke kiran ta a unguwar. Gidansu ne na ƙarshe a layin, bayansa na kallon gandun da hukuma ta killace wa namun daji. Shekara huɗu ke nan da ta tsinci karen yana ɗan jariri a cikin kwandon ƙyallayenta, da wani baƙin ɗigo a goshi, sai ta sa masa suna Maɓalli. Tun da 'ya'yanta suka watse wuraren aiki, shi ne ke kwana a bakin ƙofa, ya yini a ƙarƙashin keken ɗinki, shi take wa hira in zare ya tsinke. Tana son karen nan, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba.

Mijinta na tsaye a gefe, hannu a baya. Shekara talatin ya yi yana duba makarantu, har yau Sufeto ake ce masa, har yau kuma da muryar da yake tsayar da malamai a layi yake tambayar ina silifas ɗinsa. Ya gyara murya ya shaida wa mai gadin cewa laifin ba nasa ba ne. Shi fa kullum sai ya kira karen har maƙogwaronsa ya bushe, amma dabbar kunnen ƙashi gare ta, sai ta gama yawonta take dawowa.

Mai gadin ya tambaye shi da me yake kira. Sufeto ya ce da me kuwa, "Zo nan" mana.

"To in ya zo, Baba, me yake samu?"

"Bulala. Ai sai ya san ya yi laifi."

Mai gadin ya sosa ƙeya, ya dubi Tela, ya dubi karen. "Baba, a yi mini afuwa, amma ni ma da ni ne ba zan zo ba."

Sufeto ya ce yaran zamani ba su da ladabi, ya juya ya kama hanyar gida.

Maganar ta tsaya wa Tela a rai. Da suka koma, sai da ta bari Maɓalli ya sha ruwa ya huce, sannan ta tsuguna daga nesa, ta sassauta murya iyakar iyawarta, ta ce masa zo nan. Kunnuwansa suka kwanta nan take. Ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya bi jikin bango ya shige bayan duron ruwa. Ita da ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba! Haushi ya turnuƙe ta, na mijin da na kanta. Shekara huɗu ana zuba wa kalma guba a tsakar gidanta tana kallo, ita kuma tana tsammanin karen ne ba ya ji. Ashe yana ji sarai, abin da aka koya masa ne ya riƙe.

Sai da ta kwana uku tana neman wata kalmar. A rana ta huɗu wata mai kawo ɗinki ta yi sallama, Tela ta ɗago kai daga kan keke ta ce lale, lale, sai ga Maɓalli ya fito yana kaɗa wutsiya har ƙugunsa na murɗawa. Tun yana ƙarami ya san duk wanda aka yi wa lale a ɗakin nan ba da faɗa ya zo ba. Ta saki almakashi tana kallon sa, har matar ta tambaya ko lafiya.

Da yammar nan ta zazzage kwandon ƙyallaye. Ta yayyanka su dogo-dogo, ta kitse su uku-uku, ta bi da ɗinki biyu, sai ga igiya yadi arba'in mai launi kala-kala. Ta sayo hanta wurin mahauci ta dafa, ta yanka ƙanana kamar kan yatsa, ta ɗinka wa zanenta aljihu na musamman.

A tsakar gida suka fara. Taku uku tsakaninsu, ta ce lale, ya zo, ta ba shi hanta. Taku goma. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Sufeto na kishingiɗe a kujerarsa da jarida, yana leƙowa ta saman tabarau. Ya ce shi dai ya ga abin mamaki a duniya, ana yi wa kare lale kamar suruki ya zo gaisuwa. Ya ce saura ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwan sanyi. Da abokansa suka zo hira ya maimaita musu, suka yi ta dariya, shi ya fi kowa. Tela ta ji, ta ci gaba da yanka hanta.

Mako na uku ta fita da shi filin da ke bakin shingen. Ranar farko wani zomo ya tashi daga ciyawa, Maɓalli ya zabura, igiya ta fizge ta ta faɗi a kan gwiwa, tafin hannunta ya sale. Ta kwana biyu ba ta iya riƙe almakashi ba. Daga nan ta kafa wa kanta ƙa'idoji, ta kuma bi su kamar yadda take bin awon riga. Ba ta faɗin kalmar sai ta ga alamar zai amsa. Ba ta faɗin ta in wanka za ta yi masa, ko ɗaure shi. In kuma ya zo, ko ya makara, ko ya dawo da gashin zomo a baki, hantarsa na nan, da shafa kai.

Wannan ta ƙarshen ce Sufeto ya kasa haɗiyewa. Mai laifi a ba shi hanta? Ya ce da haka ake gyara da bai ɓata shekara talatin yana yawo da bulala a mota ba. Tela ta ce masa ai ba gudun take ba lada ba, dawowar take ba. Ya ce wannan surutun mata ne.

A mako na bakwai suna filin da safe garken zabin daji ya ratso ta ƙarƙashin waya. Maɓalli ya daskare, ƙafa ɗaya a sama, duk jikinsa na rawa. Ya yi tsalle biyu. Tela ta ce lale. Ya tsaya, ya waiwaya, ya sake duban zabin, sannan ya juyo da gudu ya turo hanci cikin aljihunta. Igiyar ko miƙewa ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa ta zazzage masa hantar duka, tana dariya da hawaye.

Da ta koma gida abu ɗaya ta roƙi mijinta. Ta ce zabi daban, barewa daban, a ƙara mata mako biyu kafin a sake shi ba igiya, kada kuma kowa ya taɓa kalmar sai ita. Sufeto ya ce ya ji. Bai sauke jaridar ba.

Kwana biyar ya iya daurewa. Abin da ya ci masa tuwo a ƙwarya shi ne labarin ya zaga layin, ana ta cewa Tela ta gyara kare, ba wanda ya ambaci maigidan. Ranar Asabar da hantsi, tana cikin ɗaki tana auna kafaɗar wata mata, ya kwance Maɓalli ya fita da shi, wai zai nuna wa abokansa biyu yadda karensa ya natsu.

Haushin karen ta fara ji, irin na farauta, sannan muryar mijinta. "Zo nan! Na ce zo nan!"

Ta fito a guje ba takalmi, tef ɗin awo rataye a wuya. Daga bakin filin ta hango komai. Maɓalli ya riga ya kutsa ta ƙarƙashin waya, yana bin wata barewa da ɗanta, tazarar na raguwa. Sufeto na bakin shinge yana daka tsawa, duk tsawa ɗaya karen sai ya ƙara wuta. Abokan sun yi cirko-cirko. Can gefe kuma mai gadin ya durƙusa da gwiwa ɗaya, bindiga a kafaɗa.

Ba ta san tana da murya irin wannan ba. Sau ɗaya ta faɗa.

"Lale!"

Maɓalli ya ja birki har ƙura ta tashi. Barewar ta yi gaba da ɗanta, ya bi su da ido, yana kuka ƙasa-ƙasa. Daƙiƙa nawa aka yi, Tela ba za ta iya cewa ba. Sai ya juyo. Ya taho a guje, kunnuwa na filfilawa, baki a buɗe, ya zame ta ƙarƙashin wayar ya nufo ta. Mai gadin ya sauke bindiga.

Saura taku biyar ya iso gare ta Sufeto ya cafke shi a wuya. Ya riga ya zare bel ɗinsa. Karen da ya ƙi shi a gaban mutane ya amsa wa mace da kalma ɗaya, wannan ne laifin, ba barewa ba.

"Lale ko? Ga lalen! Ga lalen!"

Kowane duka da kalmarsa. Sau shida ya faɗa kafin Tela ta riƙe bel ɗin da hannu biyu, na bakwai a damtsenta ya sauka. Maɓalli ya kuɓuce ya yi gida, yana jan ƙafar baya.

Abokan suka tuna suna da uzuri. Mai gadin ya tako a hankali, ya ce shi ya ga kare ya dawo da aka kira shi, don haka ba zai rubuta komai ba. Bai ko dubi Sufeto ba. Ya rage murya ya ce wa Tela, in karen ya sake shiga kuma bai dawo ba, zai yi harbi, kada ta riƙe shi a rai.

Washegari da safe ta dafa sabuwar hanta. Ta tsuguna a ƙofar ɗakin ɗinki, ta miƙa hannu, ta ce lale, a hankali kamar mai lallashin jariri. Maɓalli ya dube ta. Kunnuwan suka kwanta. Ya ja ciki ya shige can ƙuryar ƙarƙashin keke, fitsari na bin ƙafarsa.

Mako bakwai. Gwiwarta, tafin hannunta, dariyar unguwa da ta shanye, duk mutumin nan ya ƙone su a minti ɗaya don kada a ce matarsa ta fi shi. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kare ya yi abin da ya fi ƙarfin halittarsa, ya bar barewa a gabansa ya dawo don ya yarda da ita, aka biya shi da bel. Ta goge fitsarin da tsumma. Da wata mai kawo ɗinki ta yi sallama da rana, Tela ta buɗe baki za ta yi mata lale, sai ta tuna wanda ke ƙarƙashin keken, ta ce ta shigo kawai.

Sufeto kuwa ko a jikinsa. Da yamma ya ce ai ga shi nan tun jiya karen bai leƙa ƙofa ba, ashe hanyarsa ce ke aiki.

"Baban yara," in ji ta, "shekara talatin da takwas ban taɓa ɗaga maka murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Amma in aka harbe karen nan, ba mai gadi ne ya kashe shi ba."

Ya ce a kan kare take gaya masa magana? Ta ce e, a kan kare. Ya jira ta ba shi haƙuri kamar yadda aka saba. Ta tashi ta koma kan kekenta.

Kwana tara Maɓalli bai karɓi komai daga hannunta ba, sai ta ajiye ta ja baya. A na goma ya lashi yatsanta. Ta ɗauko igiyar ƙyallayen ta wanke, ta shanya, ta ɗinke inda ta fara saki.

Da safe suka koma tsakar gida, taku uku tsakaninsu, kamar ba a taɓa yi ba. Sufeto na kujerarsa da jarida. Tela ta juya masa baya, ta sunkuya, ta faɗi wata sabuwar kalma ƙasa-ƙasa wadda ba ta wuce kunnen karen ba. Maɓalli ya karkata kai. Ya dubi kujerar, ya dubi hannunta. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, sannan ɗayar.

Jaridar ta yi ƙasa kaɗan.

"Me kika ce masa?"

Tela ta miƙa wa karen hantar, ta jira ya haɗiye.

"Ba da kai nake ba," ta ce.