Fiton Anselme

Ranar da labarin ya zo, Léontine tana wanke bokitin tatsa. Maƙwabcinsu, tsoho Gratien, ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Léontine, sai haƙuri. Jiragen Amurkawa sun jefa wa motocin Jamusawa bam a kan gada. Mijinki Anselme yana wurin."

Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "To wa zai kira saniya?"

Saniya ɗaya yaƙi ya bar musu, 'Yar Fara. Ƙarar bindigogi ta kore ta can ƙarshen makiyaya, inda Jamusawa suka binne nakiyoyi kafin su gudu. Tana tsaye a gindin tuffa, hantsarta ta kumbura, sai kuka take. In ba a tatse ta ba, ciwo zai kashe ta. Kuma ba ta amsa kiran kowa sai fiton Anselme.

Bayan an binne shi, sojojin Amurka suka shigo ƙauyen. Mutane na ta miƙa musu furanni. Léontine ta rufe tagarta. Amma Gratien ya jawo mata wani dogon soja mai na'urar gano nakiya, sunansa Ovide, mai jin yarensu, Faransanci, irin na kakanni.

"Ba na son taimakonsu," in ji ta.

"Ke ba kya so," in ji Gratien. "Saniyar fa, kin tambaye ta?"

Sojan ya sunkuyar da kai. "Inna, na ji abin da ya faru. Ba ni da bakin magana. Ki dai bar ni in gwada."

Ta gyaɗa kai. Ya shiga makiyayar a hankali, yana tono da wuƙa, yana shimfiɗa farin ƙyalle gefe da gefe, har ya buɗe siririyar hanya. Da ya kusa, 'Yar Fara ta ga baƙo, ta fara ja da baya.

"Dawo!" Gratien ya daka masa tsawa. "Za ka tura ta kan nakiya, dogon banza!"

Ovide ya dawo yana zufa. "Sai dai ta taho da kanta, Inna. Kira ta."

"Fito take ji. Ni ban taɓa yi ba. Uwata ta ce ba na mata ba ne."

"Ni kuwa haƙorana sun riga ni tafiya," in ji Gratien.

Ta tsuke leɓe ta hura. Iska kawai. Bakinta ya bushe ƙamas. Sojan ya miƙo mata cingam. Ta harare shi, sannan ta karɓa ta tauna. Ta rufe ido, ta tuno yadda Anselme yake yi: dogo, gajere, sai ya ɗaga ƙarshen. Ta sake hurawa.

"Wannan kaza ce ko mutum?" in ji Gratien.

Amma 'Yar Fara ta ɗaga kunne. Ta tako tsakanin ƙyallayen, a hankali, har ta sa hancinta a kafaɗar Léontine. A nan ne kukan ya zo. Tana tatsa tana hawaye. Kofin farko, da ɗuminsa, sojan ta ba.

Jikokin 'Yar Fara ne a makiyayar yanzu. Kullum da safe Léontine takan tsaya a bakin shinge ta yi fiton. Har yau bai yi daɗi ba, amma suna zuwa.