Ruwa a Mita Arba'in

Ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Sau nawa ka wuce famfon burtsatse da ya ƙafe tun ranar da aka yanke masa kyalle, ka ce rabon unguwar ke nan, ka kau da kai? Ko sau ɗaya ba ka tambayi wanda ya ce a haƙa a wurin ba.

To, wani ofishi ne a saman shagon taya, fanka ɗaya, kwamfuta ɗaya. Aikinsu neman ruwa. Sukan kafa turakun ƙarfe a fili, su tura wutar lantarki cikin ƙasa, na'ura ta auna inda wutar ke wucewa salin-alin da inda take tirjewa. Sai a zuba ma'aunan a manhaja ta zana hoto: ja dutse, shuɗi ruwa.

Sabuwa, wadda ta gama jami'a kwanan nan kuma ba wanda ya damu ya riƙe sunanta, ita aka tura ta auna harabar asibitin haihuwa inda gwaggonta ke ungozoma. A asibitin nan, mai naƙuda da jarkar ruwanta take zuwa. Sabuwa ta dawo da fayil ɗin ma'aunan a filas na kwamfuta, ta ba manhaja, manhaja ta ƙi karɓa.

"Yallaɓai, ta ƙi buɗe fayil ɗin."

Oga, mai ofishin, bai ɗago daga wayarsa ba. "Ai ba ta taɓa buɗewa ba, 'yata. Na'urar a kwance take jera lambobinta, ita kuma manhajar a tsaye take so. Kowa da halinsa."

"To da me kuke zana hoton?"

Ya miƙo yatsa ɗaya, ya buɗe fayil ɗin gwaji da masu manhajar suka haɗo da ita don koyo, ya goge sunan da ke sama, ya rubuta na asibitin. Hoto ya fito, shuɗi mai sanyaya rai. Ruwa a mita arba'in.

"Yallaɓai, wannan ƙasar ina ce?"

"Ta Allah. Kuma mukan dace."

Mai haƙa rijiyar, wanda ake kira Tada-Ƙura, ya tuntsire da dariya daga bakin taga. "Ƙanwata, ni duk inda suka ce arba'in, da bututun tamanin nake tafiya, da tabarau."

Sabuwa ta ja kujera. Ta tsayar da lambobin, tazarar turaku a layi ɗaya, ma'auni a ɗaya, ta rubuta kan fayil yadda manhaja ke so. Kafin shayin Oga ya huce, manhaja ta karɓa. Bakin ƙofar asibitin ja wur, dutse har ƙasa. Shuɗin yana can baya, bayan ɗakin wanki.

Oga ya daɗe yana kallo. "Bayan ɗakin wanki? Kin taɓa ganin an kai babban baƙo bayan ɗakin wanki ya yanke kyalle? Allon buɗewa yana bakin ƙofa, simintin har ya bushe." Ya ƙara matsowa. "Kuma wannan jan yana tayar wa mutane hankali. Ba za ki iya mai da shi shuɗi ba?"

"Dutse ne, Yallaɓai."

"Na sani. Launin nake nufi."

Ta kira gwaggonta ta faɗa mata. "'Yar nan," in ji Gwaggo, "ko ƙarƙashin gadon haihuwa ne su haƙa, mu za mu matsa."

Oga ya sa hannu a kan shuɗin hoton farko, na fayil ɗin gwaji. Sabuwa ta buga nata mai jan a takarda, ta je ta manna shi a jikin ƙofar asibitin, ta rubuta bayani a ƙasa da manyan baƙaƙe. Masu wucewa sun ɗauka tallar fenti ce.

Gobe da safe Tada-Ƙura zai kawo motar haƙa bakin ƙofar nan, kuma rami ɗaya tak aka amince a yi. Ƙofar tana kan titin da kake bi zuwa aiki. Tsaya a gaban motar, ka ce ba za a sa bututu a ƙasa ba sai an nuna maka fayil ɗin da ya fito daga na'urar.